Tabo Takwas a Ƙarƙashin Zobe

Malam Siddiƙu mai gyaran keke yana da wata al'ada da duk Wurno aka san shi da ita: ba ya miƙa wa mutum kekensa sai ya fara hawa da kansa. Ko faci kawai ya yi wa taya, sai ya naɗe ƙafar wando ya haye, ya gangara daga rumfarsa da ke kan tudu har zuwa 'yar gadar da gonakin albasa suka fara. Daf da gadar zai matse birkin gaba da ƙarfi, ya saurara, sannan ya turo keken ya hauro yana haki. Shekara arba'in da biyu ke nan bai fasa ba. Mutane suna tsokanarsa, wai hawan banza yake nema. Shi kuwa yakan ce in gyaransa zai kayar da wani, gara ya fara da shi.

Abu na biyu kuma kunnensa ne. Yakan ƙwanƙwasa ƙarfe da sifana ya kara a kunne, ya gaya maka ƙasar da aka ƙera shi. Ya ce ƙarfen kekunan da, muryarsa irin ta ladani ce, doguwa mai tafiya. Na yanzu kamar mace ce tana kiran kaji. Wanda ya tsage a ciki kuwa, ko ido bai gani ba, maganarsa ta mai mura ce.

Ranar wata Talata da hantsi surukinsa Zayyanu ya iso rumfar da wani dogon kwali a kafaɗa. Zayyanu shi ne mijin Ikilima, autar Malam Siddiƙu. Ma'aikacin lafiya ne, yana kai allurar rigakafin yara ƙauyukan da ke wajen Rimawa a cikin akwatin sanyi. Da babur yake zuwa a da. Amma tun da masu bindiga suka fara tare hanya suna ƙwace babura, wani lokaci har da ran mai shi, sai ya sayar da nasa. Ya gwada keken ƙarfe, kafin ya isa ƙanƙarar akwatin ta narke, maganin ya lalace. Shi ne ya haɗa abin da ya samu na babur ɗin kaf, ya sayo wannan da ke cikin kwalin, wai ya fi gudu, a wurin masu gwanjo a Sakkwato.

Ya durƙusa nesa kaɗan, kamar yadda ya saba.

"Baba, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Malam Zayyanu. Mi kaz zo da shi cikin kwali awa mai tallar ƙwai?"

Zayyanu ya buɗe. Keke ne a wargaje, baƙi wuluk, babu walda ko ɗaya a jikinsa. Malam Siddiƙu ya tattara ƙarfinsa zai ɗaga gangar jikin, sai hannunsa ya yi sama har ya kusa bugun rufin rumfa. Bai kai nauyin zakara ba.

Mudathir mai albasa, wanda rumfarsa ke jingine da ta Malam Siddiƙu tun suna samari, ya leƙo.

"Kai Siddiƙu, keken aljanu anka kawo ma? Ka yi bisimilla tukun."

Malam Siddiƙu bai kula shi ba. Ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Tak. Shi ke nan. Ya canza wuri ya sake. Tak.

"Wanga abu bebe na," in ji shi.

"Ba ƙarhe ba na, Baba. Kabon aka ce mai. Zare na baƙi, anka saƙa shi, anka daskarar da shi da wani ƙaro."

"Saƙa?" in ji Mudathir. "To ai kun ɓata hanya, gidan masaƙa na can bayan masallaci."

Zayyanu ya yi murmushi, ya ciro fok ɗin, wato ƙafafun nan biyu da ke riƙe tayar gaba, masu dogon wuya da ke shiga cikin gangar keke. A gindin wuyan akwai wata 'yar kafaɗa. A nan ake zaunar da zoben ƙarfe wanda boris, 'yan ƙwallayen nan na ƙarfe, ke juyawa a kansa in an karkata kan keke. Dole zoben ya zauna daram, in ya yi motsi kan keke zai riƙa rawa. Malam Siddiƙu ya sa irin wannan zobe ya fi sau dubu.

Amma Zayyanu ya ciro waya, ya matso da ladabi, ya nuna masa bidiyon wani saurayi mai safar hannu. Saurayin ya riƙe fok a sama bai dafa shi a ƙasa ba, ya zura masa bututun roba, yana dannawa a hankali.

"Ya ce kada a taɓa jikin da abu mai tsini, Baba. Kada a goga magagari. Wai shi ba ya lanƙwasa awa ƙarhe, in ya ji ciwo ba ya nunawa, karyewa shika yi gaba ɗai."

"Shekarunai nawa, wanga da ka magana?"

"Ban sani ba, Baba."

"Da nis sa zoben hwarko, uwatai ba ta yi wayo ba."

Mudathir ya kwashe da dariya. Zayyanu ya sunkuyar da kai ya mayar da wayar aljihu.

Malam Siddiƙu ya zura zoben ta saman wuyan. Ya kamata ya tsaya daf da kafaɗar, sai an danna shi. Amma sai ya sulale har ƙasa ya zauna da kansa. Ya taɓa shi da yatsa, ya motsa. Kaɗan ne, bai fi kaurin gashi biyu ba, amma ya motsa. Zoben ba na wannan fok ɗin ba ne.

Fuskar Zayyanu ta canza. Ya ce mai gwanjon ya rantse masa babu wani a duk kasuwar, sai an aiko daga Legas. Gobe Laraba kuma ake ba shi maganin, ƙauyuka uku suna jira, an yi wata biyu ba a je musu ba, kuma an ce ƙyanda ta fara shiga.

"Tahi wurin aikinka," in ji Malam Siddiƙu. "Bar min shi."

Zayyanu ya miƙe, sannan ya ce a hankali, "Baba, don Allah ban da guduma."

"Na jiya."

Ya kuwa ji. Har azahar bai taɓa guduma ba. Ya yanko siririn gwangwanin madara zai cusa tsakanin zoben da wuyan, ya yi kauri. Ya naɗa zaren buhu, zoben ya ture shi waje. Ya gwada takardar siminti da giris, ta dagargaje. Ya yi salla ya dawo ya zauna yana kallon fok ɗin, fok ɗin yana kallonsa, baƙi, santsi, ba ya cewa komai.

Akwai dabarar da maigidansa ya koya masa tun yana yaro. In zobe ya yi wa wuya yawa, sai ka ɗauki ƙusa ka dasa a jikin wuyan, ka buga. Ƙarfen zai lotsa a tsakiya ya kumburo a gefe. Ka yi haka a zagaye, zoben zai kama kamar an haife su tare. Wasu suna yin huɗu, wasu shida. Malam Siddiƙu takwas yake yi, tazararsu ɗaya kamar an auna, kuma yana alfahari da su ko da yake ba mai ganinsu in zobe ya rufe.

Ya ce a ransa, ai bugu kaɗan ne. Ya kwantar da fok ɗin a kan kututturen da yake aiki, ya dasa ƙusa.

Na farko bai yi ƙara ba. Ƙusar ta shiga kamar cikin sabulu busasshe. Na biyu, na uku. Wurin bai kumburo yadda ƙarfe ke yi ba, fari-fari ya yi, sai ya ƙara wa hannunsa nauyi. A na bakwai ne abin ya yi magana. Ƙas. Ƙara ce siririya daga can ciki, irin ta karan dawa in saniya ta taka shi a gonar da aka girbe.

Hannunsa bai tsaya ba. Shekara arba'in da biyu sun fi shi sauri, ya buga na takwas kafin ya ankara.

"Mi yay yi ƙara?" in ji Mudathir daga cikin buhunan albasa.

"Kara nit taka."

Ya ɗaga fok ɗin ya juya shi a hasken rana. A bakin kowane tabo wasu 'yan gashi baƙaƙe sun miƙe, kamar gemun yaro da ya fara fitowa. Ya shafa da babban yatsa, ɗaya ya soke shi ya karye a ciki. Tsakanin tabo na shida da na bakwai akwai wani layi, wanda in ka karkata ka gan shi, in ka daidaita ya ɓace. Ya ƙwanƙwasa da sifana. Tak. Daidai da yadda ya ce da safe. Da ƙarfe ne da ya gaya masa iyakar ciwonsa, ko ya kai gaɓa ko fata ce kawai.

Ya shafa giris, ya zura zoben, ya danna shi da guntun bututun ruwa na roba, fok ɗin a sama kamar yadda saurayin waya ya yi. Zoben ya sauka ya kama gam. Ya rufe tabo takwas da layin duka, ko alama babu.

Kafin la'asar ya haɗa keken tsaf. Kan yana juyawa ba ko gargada. Zayyanu ya dawo ya kama ya jijjiga, ya juya dama ya juya hagu, fuskarsa ta washe.

"Ikon Allah! Baba, ƙaƙa kay yi?"

Amsar tana bakinsa. Amma wanda ke durƙushe a gabansa mijin 'yarsa ne, mutumin da ko abinci ba su taɓa ci a kwano ɗaya ba, wanda bai taɓa ganin kan Malam Siddiƙu ba hula ba. Ga Mudathir ya miƙo wuya yana saurare. Ga babur da aka sayar.

"Sana'a ta," in ji shi. "Bar shi nan ya kwana, giris ya zauna."

Ya ce a ransa gobe da safe zai faɗa, in babu kowa.

Da safe kuwa ba Zayyanu kaɗai ya zo ba. Ikilima ta biyo shi da goyonta da kwanon kunun da ta damo wa mahaifinta. A rumfar nan ta yi wayo. Tun tana 'yar shekara biyar take tsince masa boris a cikin ƙasa, ta san kowace sifana da inda take rataye. Mudathir ma ya riga ya buɗe, har da masu sayen albasa biyu sun tsaya kallon keken.

Zayyanu ya ɗaure akwatin sanyi a bayan sirdi da robar taya. Malam Siddiƙu ya riƙe keken yana jiransa. Yatsansa yana zogi inda gashin nan ya karye. Zayyanu ya gama, sai tsohon ya miƙa masa kan keken, ya ce Allah ya tsare hanya.

"Baba," in ji Ikilima, "ba ka hau ba."

Malam Siddiƙu ya dafa gwiwarsa.

"Gwiwa ta ka ciwo tun jiya."

"Ran da kay yi zazzaɓi har kana ganin mutane biyu-biyu ka hau na Liman."

"Tsoro shika ji," in ji Mudathir. "Keken aljanu ba ya ɗaukar tsoho mai warin giris. Siddiƙu, hwaɗi gaskiya, ba mu gaya ma kowa!"

Masu sayen albasa suka yi dariya. Ikilima ba ta yi ba. Ta ajiye kwanon kunu tana kallon mahaifinta, shi kuma yana kallon gangaren. Ta nan Zayyanu zai bi. In bai karye a nan ba, akwai wani gangaren bayan Goronyo, mai duwatsu, inda mutum zai kwanta tun hantsi har magariba ba wanda ya wuce. Ya ga akwatin a fashe, ƙanƙara tana narkewa a cikin yashi. Ya ga 'yarsa da farin mayafi a kan tabarma.

Magana ce gajeriya: na ɓata shi, kada ka hau. Ya jera ta a bakinsa, ya sake jerawa.

"Kwance akwatin ga, Malam Zayyanu," in ji shi.

"Baba, in gwiwa na ciwo a bar shi, ai na..."

"Kwance."

Ya naɗe ƙafar wando. Sirdin ya yi masa tsawo, kan keken kuma a lanƙwashe yake ƙasa kamar ƙahon rago, sai da ya sunkuya ya kamo shi. Ya tura da ƙafa ɗaya.

Bai taɓa jin irin wannan ba. Keke ko yaya yake yana da surutu, sarƙa tana gunaguni, wayoyin taya suna kuka. Wannan shiru yake tafiya, kamar an ɗauke ƙasa daga ƙarƙashinsa. Iska ta cika masa riga. Gidajen gefen hanya suka riƙa wucewa, ga fadama ta buɗe a gabansa, kore shar har inda ido ya tsaya, ga balbelu a kan shanu. Ya tuna yana yaro yakan yi mafarki ya daka tsalle daga kan wannan tudu bai sauko ba. Ya ji kansa yana dariya. Wataƙila layin nan fata ce kawai. Wataƙila kunnensa ne ya tsufa. Zai iya sassautawa da birkin baya, ya juyo kafin gada, ya koma ya ce lafiya lau, kuma ba zai yi ƙarya ba, don lafiya lau ya sauko.

Gadar ta matso. Ya ga dutsen da yake auna wurin tsayawa da shi tun yana saurayi. Ya ce bisimillahi, ya matse birkin gaba da duk ƙarfinsa, ya saurara.

Wannan karon bai buƙaci kara kunne ba.

Manoman albasa ne suka ɗauko shi a kan ƙyauren wata bukka. Tayar gaba da ƙafafun fok ɗin sun yi nasu wuri, sun faɗa cikin lambu. A asibitin Sakkwato aka ɗaure masa muƙamuƙi da waya, aka ce sati shida ba magana, sai kunu ta tsinken roba. Hannun dama ya karye a wuyan hannu wuri biyu. Likita ya ce ƙashin zai haɗe, amma yatsu uku ba za su ƙara damƙar guduma ba.

Kafin a dawo da shi gida labari ya riga ya zauna a gari. Malam Siddiƙu ya fanshi surukinsa. Al'adar da ake yi wa dariya ita ce ta ceci rai. Keken roba ne, masu gwanjo sun cuci yaro. Liman ya ambace shi bayan sallar Juma'a. Mudathir ya zo ya zauna a gefen tabarmarsa yana share ido da hula.

"Ni nat tunzura ka, ɗan'uwa. Ka yahe min."

Malam Siddiƙu ya rufe ido.

Zayyanu kuwa kullum sai ya zo. Ya koma keken ƙarfe na aro, yana fita tun asuba, duk da haka ƙauye ɗaya yake iya kaiwa kafin ƙanƙara ta narke. A ƙauye na uku ƙyanda ta ɗauki yara biyu. Ya rame har hularsa tana yi masa yawa. Yakan durƙusa a bakin ƙofa, ba ya shigowa.

"Baba, kai kac ce abin bebe na, ban ji ba. Ni na kawo maka shi har rumhwa. Ni na raba ka da hannunka."

Tsohon yakan ɗaga hannun hagu, Zayyanu ya ɗauka gafara ce, ya ƙara sunkuyawa. Wayar da ke bakinsa ta hana shi magana, kuma abin da ya fi damunsa shi ne ya san yana jin daɗin wayar.

Ran da aka cire ta, Ikilima ta zo da yamma ita kaɗai. Ta gaishe shi, ta zauna, ta kwance bakin zanenta ta ajiye wani abu a kan tabarma. Guntun wuyan fok ɗin ne. Ita ta tsinto shi a ƙarƙashin gada tun ranar. Zoben ya zame sama, gindin ya fito fili, a tarwatse kamar tsintsiya. Daidai inda ya karye, tabon suna jere a zagaye, tazararsu ɗaya.

"Takwas na ƙirga, Baba."

Tsohon ya kafe guntun da ido.

"Duk Wurno ba mai yin takwas sai kai."

Ya motsa muƙamuƙinsa, ya ji shi kamar na wani. Muryar da ta fito ta mai mura ce.

"Tun yaushe kis sani?"

"Tun da kac ce gwiwa." Ta murza bakin zane. "Da ban yi magana ba, da ka bar shi ya tahi?"

Ya so ya ce a'a. Ya dubi babban yatsansa, inda gashin nan yake har yanzu, ɗigo baƙi a ƙarƙashin fata.

"Na riga na miƙa mai," in ji shi.

Ikilima ta kawar da fuska. Goyonta yana barci, kaji suna tono a tsakar gida.

"Ba ya cin abinci," ta ce. "Ba ya barci. Shina ganin shi yak kashe maka hannu, shi yak kashe yaran can. Ni ba ni hwaɗa mai, Baba. Ba bakina ba na."

Ta miƙe ta bar guntun a inda yake. Ba ta kai ƙofa ba suka ji sallamar Zayyanu daga zaure, a gajiye, da ƙarar keken aro yana jingina shi da bango. Ya iso ya durƙusa a wurin da ya saba.

"Shigo ciki, Malam Zayyanu," in ji tsohon. "Ba nan ba. Nan, bisa tabarma."

Zayyanu ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai. Ya tuɓe takalmi ya shigo a ɗarare, ya zauna a gefe. Malam Siddiƙu ya cire hularsa da hannun hagu ya ajiye, ya tura masa guntun fok ɗin gabansa.

"Ɗauka ka kai wurin haske," in ji shi. "Ka ce ban da guduma. Ƙirga ka gani."